Sunan Baba a Bayan Agogo

Tun da suka shiga wani shagon agogo a unguwar Manhattan kan Renata ya ɗaure. Ita da yayanta Gaetano sun zo saya wa babansu agogo mai tsada ne, tunda ya yi ritaya daga gidan burodinsa. Ta nuna wani baƙi, mai shago ya girgiza kai, ya turo mata kore.

"Wannan ne ba ya faɗuwa a kasuwa, Madam. Amma a adana kwalin, in ya kwarzane kuma kada a goge."

"A bar shi a kwarzane?"

"Kwarzananne ya fi gogagge daraja."

Ta dubi Gaetano ko zai yi dariya, sai ta ga yana gyaɗa kai kamar a coci.

"Ni dai a zana sunansa a baya," in ji ta. "Carmine kawai."

"Ke, kanki ɗaya kuwa?" in ji Gaetano. "Ki yi tunani. Suna na hawa kansa, darajarsa ta zube. Wa zai sayi agogo da sunan wani?"

"Yaya, ban gane ba. Baba da ko tsohuwar tandarsa ya ƙi rabuwa da ita? Wa zai sayar?"

Gaetano ya sosa ƙeya. Mai shago ya hau goge gilashin da ba shi da datti. Sai a lokacin ta gane ranar da suke hange: ranar da Baba zai bar duniya, a sayar da agogon.

Ta tura agogon gaban mai shago.

"A zana. Da manyan baƙaƙe, kuma ya shiga sosai."