Akawu Ba Ya Tsayawa Kusa da Matakala

Wani dare, ban daɗe da kwanciya ba, na ji wata ƙara daga bayan katangarmu wadda ban taɓa jin irinta ba. Da farko ƙiiƙ, kamar ana murɗa sabuwar fata. Sai gum, kamar an ƙwanƙwasa duron da babu komai a ciki. Sai nishi, sai zagi a hankali, sai a koma farko. Shekara arba'in na yi ina gyaran agogo, kunnena ya san abin da ke tafiya bisa ƙa'ida, wannan kuwa yana da tasa ƙa'idar. Na ƙirga sau goma sha ɗaya barci ya ɗauke ni, na yi mafarkin agogon bango mai ciwon ciki.

Da safe na zaga gidan ƙanwata, don daga can ƙarar ta fito. A tsakar gida na tarar da duron mai a kwance bisa bulo huɗu, an ɗaura masa sirdi, likkafa na reto a gefe. Mijinta yana zaune a kujera yana shan shayi, ya miƙe sambal saboda ɗamarar asibiti da ke ƙugunsa.

"Yaya, gara da ka zo," in ji ƙanwata, tsintsiya a hannunta. "Zo ka gaida sabon dokinmu. Ba ya ci, ba ya sha, amma ya kusa ƙarasa min miji."

"Motsa jiki nake yi," in ji shi.

"Gwiwarka kake motsa wa duro."

Mijin ƙanwata, duk layinmu Mai Kilisa muke ce masa. Shekara talatin da huɗu yana aiki a bargar da ke ƙarshen layi, inda masu hali ke ajiye dawakinsu su zo su hau ranar hutu. Aikinsa shi ne kowace safiya ya fita da dawaki kilisa, wato ya zagaya da su don kada ƙafafunsu su sandare. Doki bai taɓa kada shi ba. Abin da ya kwantar da shi bokitin ruwa ne: ya sunkuya zai ɗaga, bayansa ya ce ƙas, shi ke nan. Har yau idan baƙo ya tambaye shi wane doki ne ya ji masa ciwo, sai ya kau da zancen.

An yi masa tiyata, an sa masa kusoshi huɗu masu zare a ƙashin baya. Na ga hotonsu, aiki ne mai tsabta, ko ni ba zan ɗaura fiye da haka ba. Da na je duba shi na tafi da maganaɗisun da nake tsintar ƙananan kusoshi da shi, na lallaɓa na ɗora masa a baya yana barci. Bai kama ba. Na yi kwanaki ina tunanin wane irin ƙarfe ne wannan mai girman kai.

Bayan wata bakwai likita ya ce zai iya komawa kan doki. Tafiya kawai, ba sassarfa, ba sukuwa, minti ashirin a rana. Kuma kada ya kuskura ya sa ƙafa a likkafa daga ƙasa ya ja jikinsa sama kamar da. Ya hau matakala, ya ɗora ƙafa a hankali kamar mai shiga kwale-kwale.

"To ina matsalar?" na ce. "Ba ku da matakala a bargar?"

Ƙanwata ta yi dariya har ta jingina da tsintsiya. "Gaya masa mana, gwani."

Bai gaya min ba, ita ta gaya min. Suna da matakala ta katako mai hawa uku, wadda Mai Kilisa ya raɗa wa suna kujerar masu tumbi. A cikin dawakin bargar akwai wani bidi da ya yi rainonsa tun yana ɗan shekara uku, ana ce masa Akawu, saboda yadda yake duban mutum kamar ya zo da takardun da ba su cika ba. Mai Kilisa ba ya son kowa ya hau shi. Sai ya bi shi a ɓoye da sukari, wata da watanni, har ya koya masa abu ɗaya: da zarar mutum ya taka matakala, sai Akawu ya juya kuturinsa gefe, taku biyu, ya tsaya yana kallon mutumin. A matsar da matakala, ya sake juyawa. Masu tumbi suka gaji suka haƙura, aka ce dokin yana da hali. Shekara goma sha biyar babu wanda ya zauna a bayansa sai wanda ya koya masa.

"Manajan bargar ya ce dokin da baƙi ba sa iya hawa, mai hawansa kuma yana kwance, ci kawai yake yi," in ji ƙanwata. "Ya ba shi zuwa Asabar. Ƙarfe bakwai na safe ya gan shi a kan Akawu ya zagaya fili sau biyu. In ba haka ba a sayar da dokin wa masu amalanke, shi kuma a ba shi kujera a bakin ƙofa yana buɗe wa motoci."

Mai Kilisa ya ajiye kofi. "Akawu bai taɓa jan komai ba a rayuwarsa. Ko ra'ayin wani bai taɓa ja ba."

Ranar Laraba ke nan. Na rufe shago na bi shi barga, ni da maƙwabcinmu Tela, wanda ba ya barin abin kallo ya wuce shi ko da ɗinkin mutane zai kwana.

Akawu ya ga ubangidansa ya yi haniniya, ya cusa masa hanci a hammata. Mai Kilisa ya ɗaura sirdi da kansa, ya ja majayi, ya duba hagu da dama ko ma'aikata na kallo. Suna kallo, dukkansu. Ya taka hawa na farko, na biyu, na uku. Akawu ya juya kuturi, taku biyu, ya tsaya yana dubansa.

"Ni ne fa," in ji Mai Kilisa.

Akawu ya miƙo baki yana jiran sukari.

"Allah ya ba mu ɗalibi irin wannan," in ji Tela. "Nawa yaran shago, abin da na koya musu da safe, kafin azahar sun mayar min."

Muka gwada benci, muka gwada bokitin da aka kife, har da kututturen bishiya da ke bayan barga. Ashe dokin ya wuce malaminsa: ba katako yake dubawa ba, duk mutumin da ya ƙara tsawo a gefensa mai tumbi ne. Tela ya ce mu biyu mu tare kuturin da kafaɗa. Muka tare. Ban san ana iya zaunar da tsofaffi biyu a ƙasa cikin ladabi haka ba, ko kofato bai ɗaga ba.

Ranar Alhamis Mai Kilisa ya ce zai warware abin da ya ƙulla. Ya cika aljihu da sukari, niyyarsa in dokin ya tsaya cik ya ba shi. Amma dokin bai tsaya ko sau ɗaya ba, shi kuma zuciyarsa ba ta iya jure wannan bakin da ake miƙo masa. Kowane juyi sai ya ce wannan ne na ƙarshe, ya ba shi ƙwaya ɗaya. Kafin la'asar aljihu ya ƙare, Akawu kuwa ya ƙara taku na uku don nuna godiya.

Muka fito. A bakin ƙofar barga akwai kujerar roba da mai gadi ke zama, Mai Kilisa ya tsaya ya daɗe yana kallonta.

Ranar Juma'a ina zaune a ƙofar shagona ban da aikin yi sai kallon sito na tsallaken titi. Ina son kallon sito. A gefensa an haƙa wani gangare mai bangon siminti hagu da dama, inda babbar mota ke shiga da baya tana nutsewa a hankali har bayanta ya yi daidai da ƙasa. 'Yan dako ba sa hawa komai, daga inda suke tsaye suke takawa cikin motar da buhu a ka. Na daɗe ina tunanin wanda ya fara wannan dabara, ko malalaci ne ko mai ciwon baya. Ina cikin haka sai na ga doki a wurin motar.

Na je na samu Mai Kilisa. "Kai ba za ka ƙara tsawo ba," na ce. "Dokin ne zai rage."

Ya saurare ni har ƙarshe. "Yaya, tun da na auri ƙanwarka ban taɓa jin ka faɗi abin da ke da amfani ba."

"Na sani."

"Ƙarfe shida," ya ce.

Mai gadin sito bai yi gardama ba, ya ce muddin dokin bai bar masa tsaraba a gangaren ba. Asabar da sassafe Mai Kilisa ya jawo Akawu da ragama tun daga barga, da sirdinsa da komai, ya ce wa ma'aikata zai ɗan taka da shi. Ƙanwata ta fito da mayafi a karkace, ta ce ta zo ne don ta san abin da za ta faɗa wa likita. Tela ya zo da tef ɗinsa a wuya.

Ni na ja dokin cikin gangaren. Ya bi ni yana shinshina siminti, muna nutsewa, har bayansa ya zo daidai gwiwar masu tsaye a sama. Na matsar da shi jikin bangon hagu. Tela ya tura wani tsohon amalanken buhuna ya cike gefen dama. Akawu ya ɗaga ido ya ga ubangidansa a sama, na ga tunanin ya zo masa, ya gwada juyawa, kuturinsa ya taɓa amalanke. Ya sake duban mutumin. Ba a kan matakala yake ba, ba a kan benci ba, a ƙasa yake tsaye kamar kowa. Dokin ya sauke numfashi irin na ma'aikacin da ya rasa dokar da zai kama mutum da ita.

Mai Kilisa ya kama geza, ya ɗaga ƙafar dama kaɗan kawai, ya zauna.

Ya laluba likkafa da yatsun ƙafa, ya karɓi linzami, ya gyara zama sau biyu yana saurarar bayansa kamar yadda nake kara agogo a kunne. Sannan ya taɓa dokin da dunduniya, suka haura gangaren suka fito titi. A ƙasa tafiyarsa ta tsoho ce tun bayan tiyata, yana jan ƙafar hagu. A sama babu wanda zai ce an taɓa yanka shi.

"Dube shi," in ji ƙanwata, tana goge ido da bakin mayafi. "Kamar ba shi bokiti ya kayar ba."

Muka bi shi a ƙafa. Bakwai saura minti uku a agogona ya shiga ƙofar barga, mai gadi ya miƙe daga kujerar roba ya buɗe masa. Manaja na tsaye a bakin fili da waya a hannu. Mai Kilisa ya zagaya sau ɗaya, sau biyu, ya ƙara na uku wanda ba a tambaye shi ba, ya zo ya tsaya a gabansa.

"Yaya aka yi ka hau?" in ji Manaja.

"Yadda na saba, ranka ya daɗe. Daga ƙasa."

Manaja ya dube mu, muka duba sama. Ya ce to, Litinin a dawo aiki, doki ɗaya a rana tukuna, kuma zancen masu amalanke a bar shi. Ya juya ya shiga ofis.

Wani ma'aikaci ya jawo matakala kusa. Akawu ya ganta ya juya, taku uku, da ubangidansa a kai. Mai Kilisa ya sunkuyo kaɗan ya ce min a hankali, "Likita ya hana ni dirowa. Ko daga kan gado." Sannan ya ɗaga murya don ma'aikata su ji: "Ku bar ta. Zan ɗan ƙara zagayawa waje."

Muka koma sito. Tun daga nesa na ga abin da ban so ba. Babbar mota ta shiga gangaren da baya, cike da buhuna har sama, an ɗaga gabanta a jak, tayoyi biyu na kwance a gefe. Mai gadin sito ya ce muna fita ta iso, tana shiga wani ƙarfe ya karye a ƙarƙashinta. Direba ya tafi neman irinsa, ya ce in an dace Talata.

Minti ashirin na likita sun daɗe da wucewa. Mai Kilisa ya juya dokin, ya taka a hankali har ƙofar gidansa, ya tsaya a inuwar katanga. Mutanen layi suka fara fitowa, mai kanti, mai wanki, matar Tela da kofi a hannu, kowa na yi masa barka, yana amsawa daga sama da fara'a, gumi na bin wuyansa. Ƙanwata ta shiga gida ta fito da shayinsa ta miƙa masa. Akawu ya sa baki yana cin ganyen da ya leƙo ta kan katanga.

Matar Tela ta kurɓi abin da ke kofinta, ta duba dokin, ta duba ƙasa, ta duba ƙofar gidan da ko kan Akawu ba zai shige ba.

"To, wai ta ina zai sauko?" ta ce.