Ranar da Tokuji Ya Tsaya da Ƙafa Ɗaya

Fusae ta ƙi zama a kujerar da aka nuna mata a ofishin inshorar tsofaffi. Ba zama ya kawo ta ba.

A tsaye ta zayyana wa ma'aikaciyar komai. Mijinta Tokuji masunci ne a da, kuma har gobe ana yankar kuɗin inshora daga fanshonsa. Tun da ɓarin jikinsa ya shanye ake turo masu yi masa wanka. Yanzu wai ya samu sauƙi, an rage masa matsayin kulawar da ake ba shi, an janye su. Ita da tukunyar shinkafa ke gagararta ɗagawa, ita ce za ta tsallakar da ƙaton namiji cikin baho?

Ma'aikaciyar ta duba kwamfuta, ta sassauta murya. "Mama, shi ya gaya wa mai dubawar da muka tura gidanku yana wanka da kansa, yana zagayawa da kansa. Har tsayuwa ya yi da ƙafa ɗaya."

"Ƙarya yake yi, 'yar nan. Ya ga yarinya da jaka, ya tuna samartaka. Ku ma ba ku da ido ne?"

Idon me za su gani da shi? Baƙuwa ce za ta zo, kuma ba a nuna wa baƙo ƙazantar gida. Ranar Fusae ta yi masa aski, ta tura famfas ɗinsa can cikin kabad, ta buɗe tagogi wari ya fita, ta kawo shayi da alawar wake. Tokuji ya sa riga mai wuya, ya dafa bango, ya ɗaga ƙafa yana murmushi. Baƙuwar na fita ya zube a tabarma yana haki. Kowane gida a layinsu haka ake yi.

Ma'aikaciyar ta ce haƙƙinta ne ta nemi a sake dubawa, ba mai hana ta. Sai dai wannan karon dole a faɗi abin yadda yake, har jiƙa shimfiɗa, har komai. In tana jin nauyinsa, ta ja mai dubawar gefe.

Fusae ta yi dariyar takaici. Wane gefe? Gidan ɗaki biyu, tsakaninsu ƙofar takarda. Amma ta ce a turo.

A bas ta yi ta haɗa maganganun da za ta yaɓa masa. Da ta isa ta tarar da shi a bakin taga, yana fama da maɓallin riga da hannu ɗaya.

Ba ta yi kwana-kwana ba. Ta ce mai dubawar za ta dawo, ba aski, ba buɗe taga, kuma za ta faɗi abin da take wankewa kowace safiya.

"A gaban 'yar mutane?"

"A gabanta. Ko dai mutuncinka ko bayana, maigida. Ranar da na faɗi da kai a banɗaki, wa zai ɗaga mu?"

Ta jira zagi. Mutumin da ya saba yi wa masuntan jirgin ruwa guda tsawa ya daɗe yana kallon hannun nan da ba ya motsi.

"To, ki faɗa mata duka," ya ce. "Amma ki bari sai na juya bango na yi kamar barci ya ɗauke ni."