Sai Rana Ta Taɓa Shi

"Ajiye tsintsiyar nan, Herlinda!"

Tsohon maƙwabcinta Don Fidencio ne daga bayan shinge, yana tari. Herlinda na sharar ƙofar gida, ga malam-buɗe-littafi birjik a ƙasa, ba mai motsi.

"Ai sun mutu, Don Fidencio."

"Shekara hamsin a gindin dutsen nan, har yau ba ki raba sanyi da mutuwa ba? Bari rana ta taɓa su tukuna. Kin san uwar wa za ki share?"

Kowa a garin ya taso yana jin cewa mamata ne ke dawowa a jikin malam-buɗe-littafi farkon Nuwamba. Matar Don Fidencio, Crescencia, ta rasu a watan Mayu, bana ne zuwanta na fari. Shi kuwa likita ya hana shi hawan dutse.

"Gobe zan hau inda suke sauka," in ji shi.

"Da wane huhun?"

"Ara mini bakinki, shi ba ya gajiya. Kin san halin Crescencia. In ta zo ba ta tarar da ni ba, ina zan sa kaina?"

Herlinda ta yi tsaki, ta jingine tsintsiya.

Washegari ta kai masa kunun masara, ta iske ƙofa a buɗe, babu sanda, babu malafa. Ta kira mijinta Abundio, suka bi sawu.

Can sama suka same shi, zaune a gindin itacen oyamel, lulluɓe da bargo. Rassan sun ranƙwafo don nauyin malam-buɗe-littafi, curi-curi kamar busasshen ganye. Raɓa ta daskare a gemunsa.

"Don Fidencio, kunu ya zo."



Abundio ya taɓa wuyan tsohon, sannan ya cire tasa malafar. "Kama ƙafafun mu sauko da shi."

"Bari rana ta taɓa shi tukuna."

"Herlinda, mutumin nan ya..."

"Na ce bari."

Suka zauna. Rana ta ratso itatuwa, ta sauka a rassa. Fukafukai suka soma buɗewa, ja da baƙi, sai suka tashi dubu-dubu da sauti kamar yayyafi. Na ƙasa ma, da suke kwance kamar matattu, suka girgije suka bi.

Hasken ya kai gwiwar tsohon, ya kai ƙirji, ya kai fuska. Raɓar gemunsa ta narke, ta ɗiga a bargo. Shi dai bai tashi ba.

Herlinda ta jira har inuwa ta matsa. Sannan ta ajiye kofin kunun a gefensa, kamar yadda ake ajiye wa mamata masu zuwa. Guda ɗaya daga cikin malam-buɗe-littafin ta sauko, ta zauna a bakin kofin, tana buɗe fiffike tana rufewa.