Sarƙa Mai Haƙoran Kusurwa

Tun da mai gidan katako ya ce mutum ɗaya zai ɗauka aikin yankan gumagumai na shekara guda, Dogo ya kasa zama wuri ɗaya. Gwajin ba wuya: gungume goma-goma ranar Asabar da safe, wanda ya riga gamawa aiki nasa ne. Abin da ya ɗan dagula lissafi shi ne, ɗayan mai neman aikin yayansa ne, wanda ya koya masa riƙon injin yankan itace mai sarƙa tun ba ya iya tayar da shi sai an taya shi jan igiya.

Ranar Alhamis ya faɗa shagon kayan inji kamar an koro shi. Mai shagon, wata dattijuwa mai tabarau a kan hanci, ta ƙirga masa haƙoran tsohuwar sarƙarsa, ta auna kaurinta, sannan ta shimfiɗa masa sabbi biyu a kan kanta. Ɗaya haƙoranta masu lanƙwasa, ba ta da gaggawa amma tana jure datti. Ɗayar haƙoranta masu kusurwa kamar bakin kurfin masassaƙi, tana cin itace kamar mai jin yunwa, sai dai yashi kaɗan ya ishe ta dakushewa. Ta tambaye shi ko itacen mai tsabta ne. Dogo, da idonsa ya riga ya maƙale a kan mai kusurwar, ya ce fes yake. Bai gan shi ba, wallahi, son sauri ne ya amsa a madadinsa.

Da ya gwada ta a bayan gida, sai da matarsa ta fito da hannu a kunne. Ɓarɓashi manya-manya ke tashi, ba gari ba, injin na nutsewa da kansa ba a danna shi ba. Ya yanka, ya sake yankawa, har kututturen da take shanya tabarma a kai bai tsira ba. Dariya yake shi kaɗai kamar wanda ya ci gasar tun kafin a fara.

Ranar Asabar ya isa filin, ya tarar da abin da bai zata ba. An yi ruwa, tarakta ta jawo gumaguman ta cikin taɓo, ɓawonsu duk ya sha yashi, har kan layin alli da aka ja inda za a yanka. Yanka biyu a cikin wannan, sabuwar sarƙar za ta zama cokali. Yaya kuwa da tsohuwarsa mai lanƙwasa ya zo, wadda ba ruwanta da yashi.

Mai gidan katako ya ɗaga hannu. Yaya ya tayar da inji. Dogo na tsaye yana zufa, ya rasa ta inda zai fara, sai ya ji abu ya bugi takalminsa. Gatarin Yaya ne, ya turo shi da ƙafa, ko kallonsa bai yi ba.

"Ɓare ɓawon a kan layin alli, sakarai," in ji shi, ya ci gaba da yankansa.

Dogo ya rarumi gatarin. Ya bi gumaguman ɗaya bayan ɗaya yana ɓare musu zobe har farin itace ya fito. Ma'aikatan wurin suka fara yi masa tsiya, wai ya zo gasar inji da kayan kakansa. Kafin ya gama, Yaya ya yar da guda huɗu.

Sannan Dogo ya ja igiya. Abin da ya biyo baya sai wanda ya gani. Na farko ya rabu kafin masu dariya su rufe baki. Na uku, na biyar, ɓarɓashi na zuba a kafaɗarsa. Masu tsiyar nan su ne suka koma ƙirga masa da ƙarfi. A na takwas ya kamo Yaya. Na goma ya faɗi ƙasa Yaya na tsakiyar na tara.

Dogo ya kashe inji, ya yi tsalle, ya rungume wani mai lodi da bai ma sani ba. Mai gidan katako ya miƙa masa hannu ya ce Litinin da sassafe.

Da ya juyo, Yaya bai tsaya ba. Ya ƙarasa na tara, ya yanka na goma a natse, yankan ya fita sumul yadda ya saba. Sai a lokacin murnar Dogo ta koma ciki, don ya san yara biyar ke jiran wannan mutum a gida.

"Yaya, me ya sa?"

Yaya ya share goshi da bayan hannu. "Da na bar ka ka lalata sabuwar sarƙa a gabana, a ce wa ya koya maka aiki? Ɗauko min jarkar mai, hannuna ya gaji."