Mutum Biyu a Jana'izar Clifford

Doreen Ackroyd tana gyara baƙar hularta a ƙofar coci lokacin da motar gawar maƙwabcinta Clifford ta tsaya. Wani direba a baya ya danna oda, wai an tare masa hanya. Ta bi shi da harara har ya wuce, sannan ta shiga. Kujeru sun fi ɗari, amma ba kowa sai Rabaran Whitlow, tsohon limamin cocin.

"Mu kenan?" ta tambaya.

"Mu kenan, Misis Ackroyd. An sanar da ɗansa a Landan, ya ce aiki ya riƙe shi."

Ta taɓe baki. "Shekara arba'in Clifford yana tuƙa bas a garin nan. Ranar da aka binne mahaifina, mahauta ma sai da suka rufe shaguna, maza suna cire hula a bakin titi. Ƙasar nan ta lalace, Rabaran. Ba kunya, ba tsoron Allah, iyaye sun zama kaya."

Bai musa mata ba. Su biyu suka rera waƙar yabo.

A bakin kabari ya ce, "Ni ban san shi sosai ba. Ke ce maƙwabciyarsa, ki faɗi wani abu."

Ta dubi akwatin gawar. Bango ɗaya ne tsakanin gidanta da na Clifford, amma sati uku gawarsa ta yi a ɗaki kafin a gane.

"Na ga labulensa a rufe," ta ce a hankali. "Kullum ina gani. Na ce sa ido a gidan mutum rashin tarbiyya ne. Haka aka rene mu."

"Kayleigh ce ta kira 'yan sanda," in ji Rabaran. "Ta so zuwa yau, ba a ba ta hutu a wurin aiki ba."

Kayleigh ita ce yarinyar da ke ɗaya gefen gidan Doreen, mai zane-zane a fatar jikinta har wuya, da 'ya'ya biyu ba miji. Shekara biyu Doreen ba ta taɓa amsa gaisuwarta ba.

Da yamma Doreen ta wuce ƙofar nata gidan, ta ƙwanƙwasa ta gaba. Kayleigh ta buɗe da cokali a hannu.

"Yaran ne suka dame ki kuma?"

"A'a," in ji Doreen. Ta daɗe tana murza safar hannunta. "Na ɗora ruwan zafi ya yi mini yawa. Kina shan shayi?"