Labulen Hajiya Batulu

"Ba wannan ba, Raki. Jan akwatin, na ƙarƙashin gado."

Raki ta durƙusa ta jawo shi, ƙura ta sa ta atishawa. Hajiya Batulu na kwance an tokare ta da filo uku, robar iska a hancinta. Tun da asibiti suka sallamo ta suka ce sai addu'a, Raki ce ke shigowa kullum in ta kai yara makaranta. Bango ɗaya ya raba gidajensu a wannan layi na unguwar Gorton, a birnin Manchester.

A cikin akwatin wani farin ƙyalle ne mai kauri, tsufa ya dusashe haskensa, gefensa jere da zobban tagulla.

"Labule ne, Hajiya?"

"Labulen dandali. Shekara tara ina fitowa ta bayansa a Kaduna kafin a sa ni a fim. Ranar da ƙungiyarmu ta watse kowa ya kwashi abin da ya ga dama, ni kuwa na naɗe shi." Tari ya sarƙe ta, ta jira ya lafa. "A cikinsa za ku sa ni."

Raki ta sake duban ƙyallen. Duk Hausawan Manchester sun san Hajiya da tukunyar Juma'a da take ɗora wa ɗalibai, da liyafar neman taimako a manyan otal, inda matan manya ke rububin hoto da ita. In an yi rasuwa ita ke ba da likkafani. Ba wanda ya taɓa cewa 'yar wasa ce.

"Ina likkafanin da ɗanki Dakta ya kawo miki daga Makka?"

"Na ba yarinyar nan ta jami'a da ta rasu bara. Ki yi min alkawari."

"Hajiya, ni wace ce a gaban ɗanki?"

"Ke za ki shiga wankan gawata, 'yar nan, ba shi ba."

Raki ta ce to.

Ranar Talata da hantsi, ana yayyafi, Hajiya ta cika, kofin shayinta bai ma huce ba. Bayan azahar ɗanta Dakta Aminullahi ya iso daga Birmingham, idanunsa jajir, sabon farin yadi a cikin leda.

Raki na iya ɓoye labulen a ƙarƙashin hijabi ta shiga da shi ɗakin wanka, ba mai sani. Ta ma ɗauka ta naɗe. Amma ranta bai ba ta a kai Hajiya kabari da ɓoye-ɓoye ba. Ta same shi a falo, ta ajiye a gabansa, ta faɗi abin da aka bar mata.

"Malama Raki," ya ce, bai ko taɓa ba, "mahaifiyata ta ciyar da ɗalibai shekara da shekaru. Da wannan suna za ta tafi, ba da tsumman 'yan dirama ba."

"Wasiyya ce, Dakta."

"Magani ne ke magana. Na san ƙarfin ƙwayoyin da likitanta ya ɗora ta a kai."

"Wallahi da hankalinta. Ranar ma sai da ta yi min faɗa na cika wa miya gishiri."

Ya fizgi ƙyallen zai mayar akwati, sai gefe ɗaya ya warware har ƙasa. A kusurwar akwai faci kamar tafin hannu, an ɗinke shi da zare shuɗi. Dakta ya tsaya yana kallonsa. Raki na jin ƙarar bas a bakin titi, ta wuce, wata ta zo.

"Ni na ƙona nan," ya ce a hankali. "Da fitila, ina shekara biyar. A bayansa take kwantar da ni in tana wasa. Ina jin ana tafa mata har barci ya ɗauke ni."

Ya zauna a hannun kujera.

"A makaranta ɗan 'yar dirama ake ce min. Da na kawo ta ƙasar nan sai da na sa ta rantse ba za ta gaya wa 'ya'yana ba. Shekara ashirin da shida, ko da wasa ba ta faɗa ba."

Ya share fuska da bayan hannu.

"Ba a binne mutum da ƙarfe. Akwai reza a gidan nan?"

Ta kawo masa. Ya shimfiɗa labulen a cinya yana yanke zobban ɗaya bayan ɗaya. Ita kuma tana tara su a farantin shayin Hajiya.

Kwana biyu da jana'iza ma'aikatan ƙaramar hukuma suka zo suka kwance gadon asibitin da aka ba Hajiya aro, suka tafi da shi. Raki ta shiga kulle taga. Ɗakin ya yi faɗi, sawun ƙafafun gadon huɗu na nan a kan kafet. Farantin na bakin taga inda ta bar shi, zobban a ciki, yayyafi na sauka a gilashi.