Sif Ɗin da Ya Ƙi Fita

"Wallahi ba za a sa masa zarto ba."

Badi'a ta tsaya a gaban sif ɗin kayanta, Yusra na goye a bayanta, ta ware hannuwa ta tare shi. Mijinta Muntari yana tsugune a bakin ƙofa da sukundireba a hannu, gumi na ɗiga daga haɓarsa.

"To ta ina zai fita? Ta taga?"

"Ta inda ya shigo."

"A warware ya shigo, Badi'a."

"To warware shi mana, Baban Yusra. Ba kai ne gwanin tashi ba?"

Ta san sif ɗin ba zai warwaru ba, ta kuma san dalili.

Lokacin da suka tare a wannan ɗakin na Ɗorayi, sif ɗin ya riga ya sha kwancewa da ɗaurewa har ramukan notinsa sun rarake. Irin katakon zamani ne, garin katako aka matse aka lulluɓe da leda mai sheƙi. Ya dinga karkata yana neman faɗo wa yarinya. Muntari ya kira kafinta ya ce a zuba gam, a bi da ƙusa, a yi masa ɗaurin da ba kwancewa. A lokacin an ce masa aikin kamfanin Sharaɗa na dindindin ne.

Dindindin ɗin bai ga damina ta biyu ba. Ejan ɗin da ke raba su a kamfanoni ya tsaya a bakin get ya kira sunaye, ya ce daga Litinin aiki ya koma Challawa, wanda ba zai iya ba ya ajiye katinsa. Haka aka yi masa a Bompai da injinan roba suka tsaya, suka kwaso kaya daga Dakata. Ba mai tambayar lebura inda yake kwana. Shi ya sa ya nemi ɗaki a Panshekara, inda zai iya takawa da ƙafa ya kama shif ɗin asuba.

Yawan tashi ya koya masa haɗa kaya. Tukwane a jera su cikin juna, a zura a buhun shinkafa. Tangaran a naɗe su da zannuwa a cusa cikin bokiti. Tufafi a jakar Gana-mas-go, a zauna a kai kafin a ja zif. Yau ma duk ya gama tun hantsi. Amma kayan ɗakin da iyayen Badi'a suka yi mata sun ƙare a hanya. Ruwa ya ci kujeru a bayan mota, gado ya karye a wani tashin, suka koma katifa a ƙasa. Sif ɗin nan kaɗai ya rage, mai ƙofa uku, wanda mahaifinta ya zaɓa da kansa kafin ya rasu.

Ɗalhatu mai a-kori-kura ya leƙo yana kaɗa mukulli.

"Malam Muntari, rana na yi fa, ina da lodin fata." Ya dubi sif ɗin, ya dubi ƙofar, ya yi dariya. "Hajiya, na kwashe gidajen 'yan kamfani ba adadi. Mai bin kamfani, katifa da jaka su ne kayan ɗakinsa."

"Kai ka yi min kayan ɗakin?"

"Allah ya huci zuciyarki."

Muntari ya gwada da tafin hannu. Kaurin firam ɗin ƙofar ne kawai ya tare. Ya fita soro ya sami mai gidan, Alhaji Uba, a kan tabarma yana sauraren rediyo. Ya durƙusa.

"Alhaji, alfarma za ku yi mana. A cire firam ɗin ƙofar, kaya su fita, in mayar muku da siminti yau ɗin nan."

"Ƙofata?" Alhaji ya rage muryar rediyon. "Ku 'yan kamfani kowa ya zo ya fasa ya tafi? Ni na ce ka manne katako a ɗakin haya?"

"Da hannuna zan gyara, Alhaji."

"Da la'asar masu jeren amaryar da za ta shiga ɗakin za su zo. Ɗanyen siminti za su tarar?" Ya taso, ya bi shi har ɗakin. Ya shafa gefen sif ɗin, ya buɗe ƙofa ɗaya ya rufe, ya ƙwanƙwasa. "Ai ba abin faɗa ba ne. Ku bar shi. In ya tsare wa amarya wuri, akwai ɗakin yarana."

Muntari ya buɗe baki, Badi'a ta riga shi.

"Baban Yusra, ɗauko guduma."

"Badi'a."

"Na ce ɗauko. Gara ya fita a mace."

Alhaji ya taɓe baki ya koma soro.

Muntari ya yi a hankali. Ya sa bakin sukundireba a mahaɗar katako, yana bugawa kaɗan-kaɗan, Ɗalhatu na tallafe da gefe. Gam ɗin ya riƙe gam. Bayan sif ɗin ya yage kamar kwali. Gefen dama ya fashe daga ƙasa har sama, gari ya zubo ya rufe musu ƙafafu. Ɗalhatu ya daina barkwanci. Badi'a ba ta kau da kai ba har aka gama.

Ƙofa ɗaya ce ta fita lafiya, mai madubin. Ta ce a kwashe sauran ma, kada a bar ko ɓallin katako. Ta ɗauki tsintsiya ta share garin, ta zuba a leda, ta jefa bayan motar.

Suka shige gaban a-kori-kurar su uku a matse, Yusra a cinya. Hanyar Panshekara cike da tireloli, kowane rami sai katakan su yi ƙara a baya. Sun kusa kwanar Challawa, warin majema ya fara shigowa ta taga, sai wayar Badi'a ta yi ƙara. Mahaifiyarta ce. Muryar na fitowa har su Muntari na ji.

"Kun kama hanya? To madalla, Allah ya sanya alheri a sabon wuri. Gobe zan turo Saudat da sauran ƙannenki su taya ki jere. A share ɗakin sosai kafin a kafa kaya, kin ji?"

"To, Umma."

Ta kashe wayar ta riƙe a hannu. Ɗalhatu ya zuba wa titi ido. Ta juyo ta dubi Muntari.

"Me za su jera?"